Bugu Uku a Gindin Kafireta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya tsare mana ku a inda kuke. Mu ma nan sai godiya. Inna tana fama da gwiwarta kamar kullum, Auta ta gama jarrabawa, shagon ɗinkina kuma ba yabo ba fallasa. Na zaɓi in rubuto maka da hannu ne domin a waya ba na iya faɗa maka gaskiya. Da ka tambayi jikin Baba sai bakina ya riga ni, in ce da sauƙi. Yaya, babu sauƙi. Wata biyar ke nan bai kira sunan kowa a gidan nan ba. Inna ma, da suka shekara arba'in da ɗaya tare, kallon baƙuwa yake yi mata.

Ka ce in fito da tsohon babur ɗinsa na shiga daji in tayar, wai za ka hau in ka zo. Da ma dole ya fito, don Baba ba ya iya hawa matakala yanzu, ɗakin ajiyar nan na kusa da banɗaki, inda babur ɗin yake, can za mu mayar da Baban. Na janye tamfol na same shi yadda ya bar shi shekara shida, tayoyi sun sace, ɓera ya cinye soson kujera. Abin da ya kashe min jiki shi ne famfon mai, a buɗe na same shi. Ka dai san Baba, mutumin da ya taɓa hana ka hawa wata guda cur don ka ajiye babur ba ka rufe famfo ba. Ashe tun ranar da ya jingine shi ciwon mantuwar nan ya fara cin sa, mu muna cewa gajiya ce.

Na wanke tanki, na zuba sabon fetur. Ban ko kai ga taka kik ba mai ya fara zuba ta ɗan tiyon nan na ƙasan kafireta, ya malale tsakar gida. Ni da sufana kuwa sai kallo. Kai ya koya wa aikin, ni ko tocila na riƙe masa sai ya ce idonsa nake haskawa. Duk da haka na ƙi kai shi wajen bakanike, ban san me ya hau kaina ba. Na shimfiɗa ƙyalle a kan teburin da nake yanka, na kwance kafiretar ina jera sukurori kamar maɓallai. Tsohon man ya daskare a kwanon ƙasa, ya zama wani jan danƙo mai wari. Allurar da ke toshe mai idan kwanon ya cika ta manne, bakinta ya cinye, robar bakin kwanon kuwa ina taɓa ta ta farfashe. Kwana uku ina jiƙawa ina gogewa. Na sayo sabuwar allura da roba, na mayar da komai, na buɗe famfo, sai ya sake zuba kamar ban taɓa shi ba. Na zauna a ƙasa, wallahi saura kaɗan in yi kuka.

Da hantsi ne, Baba yana kan kujerarsa a inuwa. Ina jin warin fetur ne ya kai masa. Sai na ga ya miƙe ba mai riƙe shi, ya tako, ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, yadda yake yi in yana son sukudireba. Na ba shi. Ya juya ta, ya bugi gindin kafiretar da ƙotar sau uku a hankali, irin bugun nan nasa da muke kwaikwaya muna dariya a bayan idonsa. Zubar ta tsaya cak. Ashe sabuwar allurar ce ba ta zauna ba. A taku na huɗu babur ya tashi, hayaƙi ya turnuƙe gida, Inna ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Da na kashe, sai ya dafa kafaɗata, ya kira ni Dogo, ya ce in rufe famfo.

Sunanka ya kira, Yaya, ni da nake yi masa wanka ina canza masa zanen gado. Ba zan ɓoye maka ba, na ji zafi, na ji haushinka, ranar ko abinci ban iya ci ba. Amma na ce na'am, na rufe famfon. Tun ranar kullum da safe nakan tayar masa da babur, ya ce Dogo, in amsa, sannan ya yarda ya karɓi cokali biyu uku daga hannuna. Likita ya ce haɗiya ta fara gagarar sa, mai son ganinsa ya zo yanzu. Shekara huɗu kana cewa sai aiki ya lafa, kuma ban taɓa yi maka musu ba, amma zumunta a ƙafa take. Jiya ya fara kiran sunan, ya tsaya a tsakiya yana laluben sauran. Shi kaɗai ya rage masa, shi ma ya fara zurarewa. Don Allah ka zo ka amsa abinka.

Inna tana gaishe ka, ba ta san na rubuto wannan ba. Auta da Gwaggo da Kawu duk suna gaisuwa. Ka gaishe min da Anti, ka shafa min kan yara. Babur yana nan a zaure, famfo a rufe.

Ƙaninka,
mai amsa Dogo kafin ka iso.