Tagar Inna da Aikin da Ya Ƙetare Shekara

Zuwa ga Yayana Arazki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da ladabi daga ƙanwarka, tare da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Aljiya da yara. Allah Ya sauwaƙe maka ciwon gwiwar nan, Ya sa albarka a neman da kake yi a ƙasar mutane. Mu nan alhamdu lillahi. 'Yata Tiziri ta koma makaranta, zaitun na bana ya yi kyau, na ware maka manka a jarka. Baƙar akuyar nan ta haifi biyu, sanyi ya kashe ɗaya. Inna tana raye, tana magana, har faɗa tana yi. Na sa wannan a gaba ne don kada gabanka ya faɗi kafin ka kai ƙarshe. Kuma na zaɓi rubutu a kan waya da gangan, domin kai a waya ba ka barin mutum ya kai aya.

Ka tuna sharaɗin da ka gindaya da ka zo da kaka, bayan likita ya ce ƙirjin Inna ba zai sake ɗaukar sanyi a ɗakin da iska ke ratsawa ba. Ka ce ko dai a canza tsohuwar tagar katakon nan kafin sanyi ya kai tsakiya, ko a sauke ta birnin Bijaya ta zauna wurin 'yar'uwarmu Fatta. Ka kuma san abin da tagar take a wurinta, tunda daga nan take hango kabarin Baba kowace safiya, ta gaya masa abin da kaji suka yi da wanda ya mutu a gari. Benen Fatta kuwa akurkin tattabaru take kiransa, ta ce mutum ba ya sanin gabas a ciki. Saboda haka tun daga ranar ba ta da zance sai na taga, ita a ganinta tagar ce izinin zamanta a gidanta.

Dusar ƙanƙara ta toshe hanyar dutsen da garinmu yake kai, motar da ta ɗauko tagar ba ta iso ba sai ana gab da Yannayar, bikin sabuwar shekararmu. Surukinka, maigidana Baban Tiziri, ya cire tsohuwar, ya kafa sabon firam na alminiyom, ya sa gilashi, komai ya zauna daram. Abin da ya rage shi ne a bi tsakanin firam da dutsen bango da silikon a liƙe, ciki da waje. A nan ya ajiye kayan aiki ya ce ba yanzu ba. Ya yi wa Inna bayani a hankali, ya ce shi silikon ba rana ce ke busar da shi ba, ba kuma wuta ba, damshin da ke cikin iska yake sha sannan ya ƙulle. Ya ce a wannan tsakiyar sanyi iskar dutse a bushe take ƙayau, sanyin kuma yana sa shi nawa, sai fatarsa ta kama cikinsa na nan ɗanye. Abin da ya fi damunsa shi ne dutsen bangon, ya ce akwai raɓa a daskare a jikinsa wadda ido ba ya gani, in an matsa yanzu ƙanƙara zai kama ba dutse ba, ranar da ta narke kuma ya saki. Shawararsa a cusa ulu da tsumma a tazarar, a jira rana mai ɗumi.

Yaya, kai ma ka san amsar tun kafin na rubuta. Aiki ba ya ƙetare shekara a gidan Inna. Ta riga ta sauke alkyabbar da take saƙa maka daga masaƙa, da idon nan nata da ba ya gani sosai. Ta canza duwatsun murhu, ta sa na share har bayan rumbu, ko zaren da ya rage a mazari sai da ta kaɗe shi. Ta ce gidan da sabuwar shekara ta tarar da aiki a buɗe, shekarar kan ɗauki mutum ɗaya ta rufe da shi. Da Baban Tiziri ya sake cewa a yi haƙuri, sai ta juya wurin maƙwabciyarmu da ta shigo aron rariya, ta ce a samo wa mijin 'yarta zane ya ɗaura, tunda raɓa yake tsoro. Na sa baki na ce gaskiya ya faɗa, ta ce dama mace da mijinta bakinsu ɗaya. Ana cikin haka ka bugo waya, ka ce ku a can Marsel kwana ɗaya yake ya bushe, ka tambaya ko dai hanzari muke nema. Wallahi maganar nan ta ƙona mini rai. Kana bakin teku inda ruwa bai taɓa daskarewa a bokiti ba, kana auna mana dutse da mudunka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da safen jajibirin Yannayar Baban Tiziri ya yi aikin. Silikon ɗin ya yi tauri a cikin kwalinsa, sai da ya sa shi a hammata ya ɗumama kafin bindigar matsa silikon ta iya fito da shi. Ya goge dutsen da tsumma iya gogewa, yatsunsa sun sandare, ya bi gefen da shi har ya zagaye. Bayan azahar Inna ta dangwala yatsa ta ji bai manne mata ba, ta yi murmushi ta ce to ga shi an gama, ina abin tsoron. Aka yanka zakara, aka yi kuskus da ganye iri-iri kamar kullum, ta ci fiye da yadda ta saba. Shi kuwa juya cokali kawai yake yi. Ɗakin ya cika da wani wari mai tsami kamar na khal, ya raɗa mini cewa muddin ana jin wannan wari to bai gama ƙullewa ba. Inna ta tsinci maganar, ta ce hancinsa ne ke da matsala.

Kwanaki suka yi ta wucewa warin yana nan. Ya ce in riƙa ɗora madambaci a ɗakinta, tururin kuskus ya ba silikon ɗin damshin da yake nema, kuma na ciki ya ɗan ji daɗin hakan, ya fara ƙarfi. Amma na waje ba mai kai masa tururi. Ran nan rana ta leƙo, dusar rufi ta narke, ruwa ya bi bango. Da na fita sai na ga na kusurwar ƙasa ya saki dutse yana lilo kamar taliya, na matsa shi da yatsa, cikinsa ɗanye sharaf kamar ƙullu. A wannan kusurwa ruwan ya ture har na cikin, ya bar kafa wadda ɗan yatsa zai shiga, ya jiƙa gefen katifarta. Na zaci Inna za ta yi faɗa, na ma shirya ji. Sai ta tsaya tana kallon wurin. Kallon nan ya fi faɗanta ba ni tsoro, domin na gane lissafin da take yi: aikin da ta ce an gama bai gamu ba, ya ƙetare shekara a buɗe, a ɗakinta. Abin da kawai ta ce shi ne kada na gaya maka.

Ka san Inna da ginin tukwane ta tashi. A wurinta duk abin da yake ɗanye wuta yake so. Ranar kasuwa Baban Tiziri ya sauka gari, ni kuma na shiga gaisuwar rasuwa a unguwar ƙasa, na bar ta tana jan carbi. Ashe ina fita ta cika kasko da garwashi ta kai ƙarƙashin tagar, ta rufe ƙofa, ta toshe ƙasan ƙofar da darduma don kada zafi ya tsere, yadda take lulluɓe tukwane in za ta gasa su. Duk rayuwarta da kasko take zama a ɗakin nan bai taɓa yi mata komai ba, amma da tsohuwar taga ce, wadda iska ke shiga ta ko'ina. Ba wanda ya tuna ya gaya mata sabuwar ba haka take ba. Na dawo da la'asar na yi sallama, shiru. Na tura ƙofa ta ƙi, na sa kafaɗa. Na same ta a ƙasa ta kife a gindin tagar, carbin a hannunta, leɓunanta sun yi wani irin ja. Ban san da wane ƙarfi na ja ta tsakar gida ba, na dai ji muryata tana kiran maƙwabta kamar ta wata.

A asibiti likita ya ce iskar gawayi ce, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kwantar da mutum ya wuce bai sani ba. Ya tambayi yadda na same ta, na kwatanta masa. Ya ce abin da ya riƙe ranta bayan ikon Allah shi ne ta faɗi hancinta kusa da kafar nan, iskar waje tana busa mata. Ka ji, Yaya. Wurin da silikon ya ƙi kamawa, wanda ya hana mu barci, wanda aka ci mutuncin bawan Allah a kansa, ta nan Inna ta shaƙi numfashin da ya kai ta la'asar. Da aikin ya yi kyau da yanzu ta'aziyya nake rubuta maka. Wani hanin ga Allah baiwa ne, na yarda.

Ta farfaɗo, sai dai ƙirjin ya ƙara taɓuwa, tarin ya dawo fiye da na bara. Likita ya ce ba ita ba dutse sai ɗumi ya shigo. Fatta ta zo, ni kuma na ɗaura ɗamarar rigima da ku duka biyu, don na san za ku ce magana ta ƙare. Ban samu abokin faɗa ba. Inna da bakinta ta ce za ta bi Fatta. Baban Tiziri, don ya kwantar mata da hankali, ya ce ranar farko da rana ta ɗumama dutse zai kankare tsohon tas ya sake sabo, ta dawo ta tarar da ɗakinta a shirye. Sai ta sa aka miƙo mata ƙullin kayanta, ta ciro alkyabbar da ta saƙa maka ta ɗora masa a cinya. Ka yi haƙuri da rashin alkyabbar, kai ma ka san Inna ba ta iya cewa a yafe mata da baki ba, kuma wanda ta yi wa tayin zane a gaban mutane shi ya fi cancanta. Sannan ta riƙe hannunsa ta ce: "Kada ka taɓa kusurwar nan. Ka bar ta a buɗe sai na dawo, a gama a gabana."

Matar da ko zare ba ta taɓa bari ya kwana cikin sabuwar shekara ba, ita ce yau take roƙon a bar mata aiki a buɗe. Da muka keɓe na tambaye ta dalili, ta ce wanda ya bar aiki bai gama ba aikin yakan kira shi, ita kuma ba ta da sauran abin da zai kira ta gida in aka rufe wannan. Na fita baranda na yi kukana na dawo. Ina jin tsoro, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Na ga yadda likitan ya kalli Fatta da yake maganar ɗumi, na kuma ga yadda Inna ta rame a ƙarƙashin bargon asibiti.

Don haka ga roƙona, kuma ba na son musu. Kada ka bugo wa Baban Tiziri waya ka ce ya liƙe wurin, ko da rana ta fito, ba zai yi ba, ni ma ba zan bari ba. Kada ka ce wa Fatta ta riƙe ta gaba ɗaya, ko da kana ganin hakan ya fi, bango yana da kunne kuma kunnen Inna ya fi na bango. In kun yi waya da ita kada ka yi mata faɗan kasko, ta riga ta yi wa kanta. Ka tambaye ta kawai yaushe za ta koma ta gama tagarta. Sannan ka nemi hutu ka zo da ɗumin farko, kada ka jira rani yadda ka saba, mu ɗauko ta tare.

Ka gaishe mini da Aljiya da kyau, ka ce ina nan ina addu'a a kan hawan jininta. A shafa mini kan Masin da Tanina. Fatta da mijinta suna gaishe ka, Tiziri tana gaida kawunta, Baban Tiziri ma yana gaisuwa, bai riƙe ka da komai ba, ni ce dai na riƙe. Kullum da safe nakan shiga ɗakin Inna in buɗe labule in gaya wa Baba tana lafiya, tunda ba mai gaya masa yanzu. Warin khal ɗin ya tafi, silikon ya ƙulle ko'ina ya yi ƙarfi, sai kusurwar nan kaɗai. Na cusa mata ulu, amma in na kai hannu ina jin iska tana shigowa, kuma ban taɓa zaton zan yi murna da jin sanyi a tafin hannuna ba. Allah Ya dawo mana da ita ta gama aikinta.

Wassalam,
Ƙanwarka,
Sakkura