Ruwan da Ya Maƙale Cikin Jirgi

Adawiyya ɗiyata,

Ina gaishe ki. Yaya jikinki, yaya jinjiri, da mutanen Kwargaba duka? Ni lafiya nike nan Lokoja, sai gwiwa, ita ma ba ta kwantar da ni ba.

Shekarar da ruwan Goronyo ya ci gonakinmu, na ga jirgin alminiyam ya kife da mutane saboda ruwan da ya maƙale ƙarƙashin daɓensa. Yanzu tsohon jirgi irinsa anka ba ni gyara, mai ƙetarar da mata kasuwa. Ƙananan hudojin da ruwa ke bi ya fita ta baya, wani ya liƙe su da kwalta. In na girgiza shi, ina jin ruwa na motsi ciki. Mai jirgin ya ce, "Baba, shafa fenti ka tafi sunan jikanka, mi ya rage?" Na ƙiya.

Don haka ba ni samun zuwa sunan. Na sani uwarki ba ta da rai, kuma ni kika sa ma ido. Da ƙyar na iya faɗa wa mai rubuta min wasiƙa wannan magana. Ki gafarce ni. Allah ya raya yaro.

Gobe da safe zan ɗaga goshin jirgin bisa itace, in fara buɗe hudojin ɗaya bayan ɗaya.

Mahaifinki,
Lauwali