Gemun Kawu Bakoji

Zariya, 3 ga Maris, 1974

Yaya Huraira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara.

Ki taimake ni da Kawu Bakoji. Ƙa'idar sashenmu na zane ita ce duk ɗan ajin ƙarshe sai ya kawo zanen mutum da fenti, kuma ba a yarda a kwafa daga hoto ba, sai mutumin yana zaune gabanka. Na ci rabin zanen Kawu a hutun da ya wuce, da gemunsa da rigarsa ta layu. Malaminmu ya riga ya amince da shi. In ban ƙarasa ba, sai na maimaita shekara.

Don Allah ki hana shi shiga daji farauta lokacin hutunmu. Ki ce masa manyan baƙi za su zo kallo, ko ya zauna.

Ƙaninki,
Idrisu

Birnin Gwari, 17 ga Maris

Idrisu,

Muna lafiya, yara na gaishe ka.

Na isar da saƙonka, da na sani ban isar ba. Kawu na jin maganar manyan baƙi, washegari ya nufi wurin wanzami. Gemu dai babu. Rigar layun kuma ya ba wani abokin farautarsa a Kakangi, ya sa an ɗinka masa babbar riga shuɗiya.

Na ce, "Kawu, ba haka yaron nan yake so ba."

Ya ce, "Jikina ne ko nasa?"

Kullum yana zaune bakin zaure cikin shuɗiyar rigar, yana tambayata yaushe za ka iso. Kai da makarantarka kun ishe ni.

Yayarka,
Huraira

Zariya, 26 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Wallahi kaina ciwo yake. Na roƙi malam in sake sabo, ya ce maharbi aka amince in zana, ba attajiri ba. Shekara huɗu ina fama, tarihin zane, ginin tukwane, rini, duk na haye, sai gemu ne zai kayar da ni?

A karɓo rigar nan. Gemu kuwa ko na auduga ne a manna masa.

Ki gai da kowa.
Idrisu

Birnin Gwari, 4 ga Afrilu

Idrisu,

Kawunka ne ke magana, Huraira ke rubutawa. Ina gaishe ka.

Na ji batun auduga, ba ka da kunya. Tun ina saurayi nake cikin daji, ba wanda ya taɓa ce mini zauna a dube ka. Asibi matata ta rasu ba ta gan ni cikin riga irin wannan shuɗiyar ba.

Na karɓo rigar layu, zan sa don kada ka faɗi. Gemu yana tsirowa, abin da ya samu ka yi haƙuri da shi. Amma in ka gama na malaminka, sai ka yi mini nawa, cikin shuɗiyar. Shi wannan ba na baƙi ba ne, ɗakina za a rataye shi.

Allah ya kawo ka lafiya.
Bakoji