Tsohon Layin Auta

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya, ke da mai gidanki. Mu nan lafiya lau, sai ciwon gwiwar nan da kika sani. Kawunki direba ne zai kawo miki wannan takarda. Kada ki yi mamakin ganin rubutun hannu. Wayar da kika bar mini na kashe ta, na jefa a aljihun teburin shago tare da almakashi, kuma ba zan kunna ba sai mun yi maganar hankali.

Kin ba ni wayar da tsohon layinki a ciki, kika ce don in riƙa ganin hotunan ƴaƴan yayyenki. Ba ki gaya mini akwai wani guruf a ciki mai suna "Mu Kaɗai" ba. Tun da na buɗe shago take ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Wata mata da ta zo sayen zif ta ce, "Mama, ana nemanki fa." Na sa tabarau na duba. Auta, ban san na haifi mai irin wannan baki ba.

Wata da kuke kira Rediyo tana tambayarki me ya sa tun da kika yi aure ba kya amsa saƙo bayan isha'i, wai ko mai gidan naki Injiniya ƙwace wayar yake yi. Ke kuma kika tura hoton fuska mai rufe ido da hannu. Wannan ce amsar ƴar da na yi wa tarbiyya? Sista, wadda nake ganin girmanta saboda aikin asibiti, ita ce ma kan gaba. Daga nan kuka koma kan Shiru-shiru, yarinyar da bikinta ke tafe. Rediyo ta ce wai idan an kai ta, daga bayan ƙofa za ta riƙa gaida ango. Wai zani uku za ta ɗaura, kowanne da ƙullinsa. Ita ma da nake zaton ta fi ku nutsuwa, ta yi tambayoyin da alƙalamina ba zai rubuta ba.

Na karanta duka har can sama, ba don jin daɗi ba, don in san iyakar ɓarnar.

Ni ma na yi sakandare, har shugabar ɗakin kwanan ɗalibai na riƙe, kuma a zamaninmu ko kalmar ango aka ambata sai kowa ta sunkuyar da kai. Saboda haka na rubuta muku nasiha. Tsohon hedimastan nan da ke zuwa sayen maɓalli shi ya nuna mini inda ake dannawa ta tafi. Na rufe sauran rubutun da tafin hannuna, bai ga komai ba. Na ce da kunya ake sanin mace, kuma wadda ta zubar da tata tun kafin aure ban san abin da za ta kai gidan miji ba.

Bayan haka wayar ta yi tsit. Na san maganar ta shiga.

Ina jiran bayaninki a rubuce. Ki gaida mai gidanki, amma kada ki nuna masa wannan.

Mahaifiyarki

*

Mamana,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ya gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi. Injiniya yana gaishe ki, ban nuna masa ba.

Laifina ne, na yarda. Da na yi sabon layi aka saka shi a guruf, na manta ban cire tsohon ba. Amma Mama, hirar nan ta watanni ce. Har can sama kika karanta? Wa ya kula da masu sayen zare ranar?

Da nasiharki ta shigo, kowa ta zaci ni ce nake kwaikwayon manya. Rediyo ta rubuta, "Malama Auta, a ina ake ɗaukar karatun?" Sai da na ce musu wallahi Mama ce, wayar tana hannunta. Shi ne tsit ɗin da kika ji. Sista ta ce daga yau ta bayan layi za ta riƙa bi zuwa asibiti, ba ta ƙara wucewa ta ƙofar shagonki.

Su wannan duk dariya ce, za ta wuce. Shiru-shiru ce matsalar. Ta fita daga guruf ɗin, kuma ba ta ɗaukar wayata.

Kin manta mahaifiyarta ta rasu tun muna makaranta? Daga ita sai babanta sai yayyenta maza a gidan. Wa za ta tambaya? Yarinyar da ko ƴan ajin da take koyarwa suka yi mata tambayar haihuwa sai ta ce a buɗe littafin lissafi. Tsoron auren nan take yi, Mama, tsoro na gaske, ko da yake tana son angon, mai kemis ɗin nan. Ba ta iya tambaya kai tsaye. Shi ya sa muke cika wurin da shirme. Idan Rediyo ta fara haukanta kowa na dariya, sai ita ta lallaɓo ta saka tambayarta a tsakiya, Sista ta ba ta amsa ta gaskiya, mu kuma mu yi kamar ba mu gani ba. Ki sake tunawa, za ki ga haka abin yake tafiya.

Layin ƙarshe na nasiharki ta ɗauka da ita kike. Ta aika wa Sista cewa ba za ta iya haɗa ido da ni ba, balle ke, kuma gara kada in zo bikin. Mama, ita ce ta zauna kusa da ni a nawa daga farko har ƙarshe. In aka yi nata babu ni, ban san yadda za mu ƙara zama ba.

Ban ce ki janye maganarki ba, na san ki. Na dai gaya miki inda ta sauka.

Ki huta lafiya.

Autarki

*

Zuwa ga ƴata, ƙawar Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mahaifinki da yayyenki. Na aiko wannan ta makarantar da kike koyarwa don ta shiga hannunki ke kaɗai.

Ni ce na rubuta abin da kika karanta. Maganar kunya ban janye ta ba, kuma ba zan janye ba, domin gaskiya ce. Amma na yi ta ga taron mutane, ta faɗa kan wadda ta fi kowa kunya a cikinsu. Wannan ba daidai ba ne. Tambayar da yarinya za ta yi kafin aure ba rashin tarbiyya ba ce. Wurin da kika yi ta ne ban yarda da shi ba, domin waya ba ɗaki ba ce, ba ta da ƙofa. Ga shi ni da ba a gayyata ba na shiga na zauna.

Na san mahaifiyarki. A shagona take sayen zare, kuma ba ta taɓa ɗaukar launi ba sai ta fita da shi rana ta duba. Da tana nan, ita za ta zaunar da ke. Tun da ba ta nan, ba Rediyo ce za ta maye gurbinta ba.

Na ga hoton rigar bikinki da kika tura musu. Ɗinkin ya yi kyau, amma maɓallan da telan ya sa na roba ne, marasa daraja, kafin a gama gaisawa da baƙi ɗaya zai tsinke. Ki kawo mini ita ranar Asabar da hantsi in canza su. Umarni ne, ba shawara ba.

Batun hana Auta zuwa biki kuwa, ki ajiye shi sai mun gana. Idan hukunci ne, ni ya kamata a hana.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifiyar Auta

*

Zuwa ga Mama,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da ladabi. Baba yana amsawa.

Na ga takardarki. Na daɗe ban buɗe ba saboda tsoro. Ban san kin san Ummata haka ba. Har yanzu gwangwanin zarenta yana ɗakina.

Zan zo in sha Allah. Roƙona ɗaya, Mama. Idan na shigo kada ki kalle ni sosai.

Na gode.

Ƴarki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Kawunki ya ce kin rame, na ce masa ba abin da na karanta ba ke nan.

Ƙawarki ta zo. Dole in faɗi gaskiya ko da a kan Rediyo ce: ba ta yi ƙarya ba. Daga bayan ƙofar shago yarinyar nan ta gaishe ni, ledar riga kawai nake gani. Na ce, "Shigo, ni ba mai kemis ba ce." Ban san lokacin da maganar ta fita daga bakina ba, kuma ban yarda ki maimaita ta ba.

Na sauke labule, na zaunar da ita a kan benci tsakanin kwalayen zare da kantar leshi. Na ba ta ƙaramin almakashi na ce ta cire tsofaffin maɓallan, don idonta ya sami wurin zama. Ni kuma na juya gefe ina zura zare a allura. A haka muka yi magana, ba wadda ta kalli wata.

Ta cire maɓallin farko. Can ta ce, "Mama, yayyena sun ce ina minshari."

Na ce, "Shi ne me?"

"Idan ya ji fa?"

Na ce, "Zai ji. Ke ma za ki ji nasa. Marigayi baban su Auta in ya fara, har kofin da ke kan tebur rawa yake yi. Shekarar farko na yi ta kai ƙara wurin yayarsa. Tun da ɗakin ya yi shiru kuwa, ban ƙara yin barci mai daɗi ba."

Ta yi dariya, ta yi ɗan kuka, ta goge da gefen mayafi. Daga nan bakin ya buɗe. Ta tambaya na amsa, ta tambaya na amsa. Abin da na ga na asibiti ne na ce ta koma wurin Sista, su biyu, a ɗaki mai ƙofa. Sauran kuma kada ki tambaye ni. Ke ma na gaya miki naki a lokacinki, kika yi ta kallon silin kamar ana karanta miki labarai.

Sau ɗaya aka katse mu. Tsohon hedimasta ya ɗaga labule yana neman maɓalli fari guda ɗaya. Na ba shi, ya tsaya tambayar gwiwata, ya kawo labarin wani man shafawa, na sallame shi. Ƙawarki ta tambaye ni ko kullum yake zuwa. Na ce kusan haka, rigunan dattijo ne, ba mai duba masa su tun da matarsa ta rasu. Ta ce, "Allah sarki," ta ci gaba da aikinta. Yarinya mai tausayi.

Rigar ta fito. Ta ce za ta kira ki. Idan ta kira, ban da tsokana.

Mahaifiyarki

*

Mama, Mamana ta kaina,

Gaisuwa mai yawa. Ya gwiwa? Ko man shafawar ya yi aiki?

Ta kira ni, mun daɗe muna magana. Zan zo tun ana saura kwanaki, ni zan zauna kusa da ita. Na gode, Mama. Ban san abin da kika gaya mata ba, ta ƙi faɗa ko da na roƙe ta, amma muryarta ta canza.

Ta dawo guruf kuma. Tun da muka buɗe shi ba ta taɓa tsokanar kowa ba, ita ake tsokana. Ga saƙonta na farko, na kwafo miki harafi da harafi:

"Ƴan'uwa, ina da tambaya. Idan rigar dattijo tana zubar da maɓalli ɗaya kowace safiya, kuma shago ɗaya kawai yake zuwa saye, telansa ne ba shi da kirki ko wani abu ne daban?"

Mama, guruf ya kama da wuta. Sista ta ce a asibiti suna ganin irin wannan ciwo, ba ya jin allura. Rediyo ta ce ita tausayin rigar take ji, domin da hannu ake tsinke su a bakin layi. Ta kuma ce a tambaye ki, idan lokacin ya yi, zani nawa za ki ɗaura. Fuskar nan mai rufe ido kawai na tura.

Sun canza sunan guruf ɗin zuwa "Mu da Mama". Amma in kin ce a cire tsohon layin, yau zan cire, ki kunna wayarki hankali kwance.

Injiniya yana gaisuwa. Wannan karon na nuna masa, ki yafe ni.

Autarki

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ba sai kin kwafo mini ba, na kunna wayar tun shekaranjiya, na gani da idona.

Ki gaya wa Rediyo zan gamu da ita a wurin biki. Ita kuma Shiru-shiru, ashe ba a banza take shiru ba. Allah Ya shirye ku gaba ɗaya.

Don a kashe maganar, jiya na ba dattijon kwalin maɓalli guda cur, farare da baƙaƙe, wanda zai ishe shi har ƙarshen rayuwa. Yau da safe ya dawo. Wai ba shi da allura.

Layin ku bar shi a ciki. Dole a sami babba mai sa ido.

Mahaifiyarki