Matar Shagon Guga

Asabar, 5 ga Yuli

Mun sauka lafiya. Kunnena na hagu har yanzu a toshe yake. Tun a filin jirgi Malama ta karɓe fasfon kowa, ta ce in mutum ɗaya ya ɓace ko ya gudu, makaranta ba za ta sake kawo ɗaliban hoto ƙasar waje ba, ita kuma aikinta ya tafi. Da ta ce "ya gudu" Dogo, ɗan ajinmu, take kallo. Ya ce, "Malama, ni da ko banɗakin jirgi ban iya buɗewa ba?"

Aikinmu: kowa ya nemo mai sana'a, ya ɗauki hoton hannuwansa yana aiki.

An haɗa ni ɗaki da yarinyar da muke kira Shiru. Ni da ake kira Rediyo! Da gangan Malama ta yi, na sani. Tun shigarmu makaranta ajinmu ɗaya da yarinyar nan, amma in an ce in kwaikwayi muryarta ban iya ba.

Lahadi, 6 ga Yuli

Kowa a garin nan sauri yake, ban ga inda suke zuwa ba. Na ɗauki hoton tantabaru har batir ya mutu.

Litinin, 7 ga Yuli

Da safe jagorarmu ta kai mu kasuwa, tana gaba da lemarta a sama muna biye kamar 'yan kaji. Na samu wani tsoho mai gyaran agogo. Na yi ta nuni da hannu, ya yi dariya ya bar ni. Malama ta duba ta ce hasken ya yi kyau amma na cika matse wa mutane, in riƙa ja da baya.

Bayan la'asar ana sakinmu bibbiyu mu yi yawo. Muna shan kwana Shiru ta ce, "Ki yi gaba, zan same ki." Ba ta same ni ba. Sai a ƙofar otal na gan ta, ana gab da ƙirga mu. Jiya ma haka ta yi.

Da ta shiga wanka na kunna kyamararta. Allah ya yafe min, a kan gado ta bar ta. Babu kasuwa, babu tsoho, babu komai. Ƙofar wani shago ce kawai, shuɗiya, gilashinta duk tururi. Ita ce, ita ce, ita ce dai, daga tsallaken titi. Wa ke ciki?

Talata, 8 ga Yuli

Saurayi ne. Ko kuma masu taimaka wa mutum ya gudu. Na lura tana da wata leda a ƙasan akwati da ba ta taɓa buɗewa.

In na gaya wa Malama, kuma ba komai ba ne, na zama magulmaciya ta dindindin. In na yi shiru ta gudu, ƙannenmu na aji ɗaya sun rasa tafiyar baɗi. Abinci ma yau bai shiga ba.

Laraba, 9 ga Yuli

Na bi ta. Ban iya bin mutum ba ashe, tun a tashar bas ta biyu ta juyo ta ce, "Rediyo, takalminki ƙara yake."

Ba ta yi faɗa ba. Muka zauna a bencin tasha, shuɗiyar ƙofar tana kallonmu. Shagon wanki da guga ne, motocin otal-otal suna sauke zannuwan gado a buhuna. Na ce mata in guduwa za ta yi ta faɗa min yanzu, don ni ba zan iya kallon idon Malama ba. Ta dube ni kamar na zare.

"Mahaifiyata ce a ciki."

Na ce ai a aji an san mahaifiyarki ta rasu. Ta ce ita ba ta taɓa cewa haka ba, shiru kawai take yi, mutane su cike da kansu. Tana 'yar ƙarama iyayenta suka rabu, uwar ta fito ƙasar nan neman aiki. Gwaggonta ce ta raine ta, kuma a gidan ba a kiran sunan matar. In an matsa sai a ce ta zaɓi duniya. Wata ƙanwar uwar ce ta faɗa mata sunan titin, a wajen wani zaman makoki. Don wannan kaɗai ta shiga jerin masu tafiya.

Na ce to ki shiga mana! Ta ce ta zo bakin ƙofar ya fi a ƙirga, sai ƙafarta ta ƙi shiga. "In na ce ni ce, ta ce wace? Ko in tarar tana da wasu 'ya'yan? Ni ganinta kawai nake so, in san wace irin mace ce."

Sai dabara ta zo min. Ba hannun mai sana'a aka ce mu nemo ba? Na ce gobe mu shiga a matsayin ɗalibai, ni zan yi surutun, ke ki ɓuya bayan kyamara. Ta daɗe tana murza igiyar jakarta. Ta sa na rantse ba zan furta komai ba.

Ni kaina ina son ganin matar, gaskiya. Na matsu gari ya waye.

Alhamis, 10 ga Yuli

Zafin cikin shagon nan! Gilashin kyamara ya yi hazo nan take, sai da muka jira ya washe. Injinan wanki manya-manya a jere suna juyi, ga wani dogon injin guga da mata biyu ke tura masa zanen gado ta nan, ya fito ta can a miƙe kamar takarda. Mai shagon ya ɗaga kafaɗa ya ce mu yi, kar dai mu taɓa jan maɓalli.

Na ce wa Shiru, "Goge gilashinki," da Hausa. Sai wata mata a teburin ƙarshe ta ajiye dutsen guga.

"Kai! 'Yan gida ne?"

Gajeruwa ce, ba ta kai Shiru tsawo ba. Furfura kaɗan ta leƙo ta ƙasan ɗankwali. Na rusuna na ce, "Ina wuni, Mama." Shiru ta motsa baki, ban ji abin da ya fito ba.

Matar nan ta fi ni surutu. Ta ce ta yi watanni ba ta yi Hausa da kowa ba sai da kanta. Ita ke guge rigunan ma'aikatan otal, masu farin wuya. Ta nuna mana yadda take yi: wuya tukuna, sannan hannu, sannan kafaɗa a kan wani ɗan matashi mai kama da burodi. Bayan hannunta duk tabon ƙuna ne, ƙanana, tsofaffi da sababbi. Ta ce tun tana jin zafi har ta daina. Na tambaye ta komai: ina take kwana, tana da miji, sanyi bai dame ta ba? Ɗaki ɗaya take haya a saman wani kanti. Ba miji. Na ce 'ya'ya fa? Shiru ta taka min ƙafa.

Ta ce, "Ɗaya. Tana gida." Ta juya riga ta ci gaba da guga.

Shiru ba ta sauke kyamara daga fuskarta ba har muka fito. A bas ta ce, "Hannunta irin nawa ne." 

Juma'a, 11 ga Yuli

Mun koma. Mama ta haɗa mana shayi a ɗan lungun da suke hutawa, kofuna duk na otal daban-daban. Ta ce wa Shiru, "'Yan mata, taimaka ki miƙa wa mai shago nasa." Shiru na fita Mama ta kama hannuna, ta matse har ya yi min zafi.

"Yarinyar nan tana cin abinci kuwa? Ta rame."

Na ce, "Mama, ai ba ki san yadda take da ba."

"Ni ce ban sani ba? Tun ranar Lahadi nake ganinta a bencin can. Tsayuwar ubanta, kunnen uwata. Da na ga ta ƙi shigowa na koma teburin ƙarshe, don kar ta ga ina kallonta ta tsorata."

Bakina ya mutu. Ni!

Na ce to me ya hana ki kira ta? Ta ce ba ta da wannan bakin. Ita ce ta tafi. Duk abin da ya faru tsakaninta da dangin uban, ita ce dai ta sa ƙafa ta fita, yarinya tana barci. "In ta ga ban cancanta ba, ta koma abinta ba nauyi. Kar ki faɗa mata na gane. Ki rantse min, 'yata."

Na rantse. Shiru ta dawo, Mama ta saki hannuna ta hau ba mu labarin wani baƙon otal da ya manta haƙoransa na roba a aljihun riga.

Asabar, 12 ga Yuli

Rantsuwa biyu a wuyana, kuma kowacce maganin ɗayar ce. Cikina zai fashe.

Lahadi, 13 ga Yuli

An kai mu wajen gari wurin masu ƙera kwale-kwale. Dogo ya ja da baya yana neman kusurwa, ya faɗa ruwa har ƙugu, kyamara a sama kamar jariri.

Da yamma Malama ta haska hotunanmu a bangon ɗakin cin abinci. Sai ga na Shiru ya fito: hannu biyu a kan farar riga, tururi na tashi tsakanin yatsu. Malama ta ce, "Wannan mai hoton ta damu da mai hannun. Wace ce?" Shiru ta ce, "Wata mata ce."

Wata mata! Na ciji bakin kofi.

A ɗaki na gwada ta gefe. Na ce matar nan fa tana da kirki. Ta ce, "Kowa yana da kirki da baƙo." Na ce jibi za mu tafi fa. Ta ja bargo ta juya wa bango fuska. Maganar ta zo min har maƙogwaro. Na shiga banɗaki na kunna famfo na faɗa wa madubi.

Litinin, 14 ga Yuli

Ranar ƙarshe. Shiru ta ce ba za ta je ba, hotunan sun ishe ta. Na ce ni zan je in yi sallama, kuma ban san hanya ba, in na ɓace ita za ta yi wa Malama bayani. Ƙarya ce, ta sani. Ta tashi. Ta ɗauko ledar nan ta ƙasan akwati.

Mun tarar Mama ta sa sabon ɗankwali. Suka tsaya, tebur a tsakaninsu, kowacce tana kallona, wai in yi surutun da na saba. Na duba wannan, na duba waccan. Na ce batirina ya mutu, zan nemo wani a kanti. Shiru ta ce, "Ga nawa." Na ce ba iri ɗaya ba ne. Iri ɗaya ne.

Na fita na ja ƙofar. Na zauna a bencin. Daga nan in mutum ya jawo hoto da babban gilashin kyamara zai ga teburin ƙarshe, na gwada ranar Juma'a. Na sa hannu a jaka, na fasa. Na juya ina kallon wani mutum yana koya wa karensa tsallaka titi.

Lokacin komawa ya yi, ya wuce. Malama ta yi ta kira, na ɗaga na ce mun hau bas ɗin da ba namu ba, laifina ne. Ta ce dama ta san bakina zai kai ni inda ƙafata ba ta sani ba, kuma ta rage min maki. To.

Da Shiru ta fito babu leda a hannunta. Idonta kamar an zuba barkono. Rigar sanyi ce a jikinta, ruwan toka, hannun ya yi mata gajere. Ƙofa ba ta sake buɗewa ba. A bas ta ɗora kanta a kafaɗata, rigar sai ƙamshin sabulun shagon. Me ke cikin ledar? Wa ya fara magana? Ta kira ta Mama? Ina ta lissafa tambayoyi har otal.

Talata, 15 ga Yuli

Malama ta ƙirga mu a bakin jirgi, mun cika. Na ji ajiyar zuciyarta daga layin baya.

Laraba, 23 ga Yuli

An koma karatu. A gida na ba su labarin komai: tantabaru, tsoho mai agogo, faɗuwar Dogo har da kwaikwayo. Umma ta ce, "Yarinyar da kuka zauna ɗaki ɗaya fa, 'yar gidan wa ce?" Na ce ba ta da matsala. Yaya ya ajiye cokali ya ce, "Shi ke nan? Umma, a duba ta, an canza mana ita a jirgi."

Ba wani canji. Labarin ne dai ba shi da daɗin bayarwa.

Yau a aji Shiru ta baro kujerarta ta baya ta zauna kusa da ni. Muna goge gilasan kyamara, ta ce a hankali, "Ba za ki tambaye ni ba?"

Na ce a'a.

Ta jima tana hura gilashinta. Can ta ce, "Jiya ta kira ni. Ta ce in gaida 'yarta mai rantsuwa biyu."

Na ce ina amsawa. Na ci gaba da gogewa, ko da yake gilashin ya daɗe da fita.