Kwamfutar Kaugama Ta Mutu, Ruwa Na Tafe

Zuwa ga ƙanena Abdulmannan,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Saudatu da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa sanyin ƙasar nan da kuke bai dame ku ba. Mu nan Haɗeja alhamdu lillahi. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, har tana fita tsakar gida da kanta, kuma kullum bayan sallah sai ta ambace ka.

"Yaya, kafin ruwan farko ya sauka zan mayar da shi." Haka ka ce mini da Ƙaramar Sallah, bakinka cike da kifin da na soya maka. Yau ga mu a tsakiyar damina, kogi ya fara lasar gindin gada, kai kuma shiru.

Bari in tuna maka, tunda ka manta. Ka kafa wa ƙungiyarmu ta manoman shinkafa kwamfutoci a Haɗeja da Jahun da Kaugama, domin manomi ya aiko saƙo ta waya a gaya masa inda ruwa ya kai. Tsakanin manoma da kwamfutocin ka ɗora manhajar nan da kake alfahari da ita, wadda kai da abokanka na ƙasashe kuke rubutawa kyauta, mai rarraba saƙonni kada nauyi ya taru a kan guda. A cikinta akwai ɓangaren da ke leƙa kowace kwamfuta ya ga ko tana raye kafin a tura mata saƙo. Shi ka kashe, wai yana yawan kuskure idan intanet ta yi rauni, kuma wai na ɗan lokaci ne. Shi ne ka ce za ka mayar.

To, ta Kaugama ta mutu. Rufin ofis ya yi yoyo a kanta. Manhajarka ba ta sani ba, har yanzu tana ba ta rabonta, duk wanda saƙonsa ya faɗa can ba ya samun amsa. Kai a wurinka shiru na nufin abu ya lalace. Mutanenmu kuwa sun saba ba a aiko ɗan saƙo sai da matsala, don haka shiru a wurinsu lafiya ce. Malam Buba, wanda ya koya maka iyo, ya aika, bai ji komai ba, ya bar injin ban-ruwansa da shinkafar da ya yanka a fadama. Ruwa ya tafi da su. Da ya zo wurina bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi kada in gaya maka, kada ranka ya ɓaci a baƙuwar ƙasa. Wannan ya fi komai ƙona ni.

Na sa tabarau na karanta bayanin manhajar da kaina. Shekarun da na yi ina koyarwa ba su tafi a banza ba. Gyaran kaɗan ne, amma kalmar sirrin shiga manhajar tana hannunka kai kaɗai. Ka gina abu ka ce na kowa ne, sannan ka tafi da makullin a aljihu. Na san ba mugunta ba ce. Ni na goya ka, na san yadda kake mance takalminka idan wani abu ya ɗauke maka hankali. Amma yanzu abincin mutane ne.

An ce za a ƙara sakin ruwan dam. Na ba ka zuwa saukowa daga masallaci ranar Jumma'a: ko ka gyara, ko ka turo kalmar. In ba haka ba, zan kashe sauran kwamfutocin biyu, in sa a yi shela a masallatai da kasuwa cewa kowa ya koma duba kogi da idonsa. Sannan Shamsiyya, malamar kwamfuta da ke unguwarmu, ta sake kafa komai daga tushe, tunda ka ce kowa na da ikon ɗauka. Kai kuma sai ka kira Malam Buba da bakinka.

Inna na gaishe ka, da Rahmatu da Kawu Modu. Ka shafa mini kan yara. Kifinka busasshe na nan na ajiye. Bai shiga cikin wa'adin ba.

Yayarka,
Ummussalma