Akwatin Muryar Baba

Auta,

Assalamu alaikum. Ya aiki? Akwatin da ka aiko wa Baba ya iso. Ka san tun da aka yi masa aikin maƙogwaro maganarsa ta ɗauke, allon da muka ba shi ya riƙa rubuta mana kuwa jifa yake yi da shi. Da na ce masa ka tsinto muryarsa daga tsofaffin saƙonninsa na waya ka zuba a akwatin, sai da ya sa aka sauya masa riga. Ya danna maɓalli, fitila ta kama, shiru. Ya sake, shiru. Umma ta ce ashe akwatin ma an yi masa aikin maƙogwaro. Muka yi dariya, shi bai yi ba. To injiniyan gidanmu, sai ka san abin yi.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaida Baba da jiki. Muryar tana ciki, hanyar fita ce ba ta samu ba. Ƙwaƙwalwar akwatin ƙafafu gare ta sirara, kowace ƙafa sai an gaya mata aikinta a cikin kanel, wato gindin manhajar. A kan wani allon lantarki na gwada shi, a wanda na aiko kuwa ƙafar da ke kai sauti lasifika daban ce, wadda na saita fitila take kunnawa. Layi ɗaya zan gyara a manhajar, amma sai na samo irin allon na gwada. Aiki ya sha mini kai, ki ba shi haƙuri zuwa ƙarshen wata.

Ƙanenki.

*

Auta,

Gaisuwa. Jikin Baba ya yi nauyi, abinci ma sai da lallashi. Akwatin yana gefen matashinsa, ya hana a ɗauke. Umma na wucewa zai danna, fitilar ta yi ta ƙiftawa ita kaɗai. Ni ban san kanel ba, amma wallahi tsoro nake ji. Ka bar komai ka yi wannan.

Yayarka.

*

Yaya,

Na gyara, allon gwajin ya yi magana a kan teburina har na kasa zama. Ga katin memori nan, ki cire tsohon ki sa shi. Ki gaida su.

Ƙanenki.

*

Auta,

Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu haƙuri. Katin ya iso bayan masu gaisuwa sun watse. Na sa shi don kawai ka ce in sa. Umma ta karɓa ta danna maɓallin da ya fi kowanne dattin yatsa. Muryarsa ta fito tas: “Uwargida, a taimaka mini da ruwa.”

Ta ce, “To, Malam.” Ta tashi ta ɗebo a kofinsa, ta tsaya da shi a bakin gado.

Ya yi aiki, Auta. Ka zo gida.

Yayarka.